Kwana Biyar a Tsibirin da Ban Taɓa Takawa Ba

Wannan saƙon wata 'yar uwa ce daga Guangzhou ta ƙasar China, ta nemi a sakaya sunanta. A tausasa harshe wajen sharhi.

Assalamu alaikum matan wannan zaure, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi min faɗa, faɗan ma na san na ci a yi min, sai dai lokaci ya ƙure min. Sunayen da za ku gani duk na sauya su.

Abin daga jikin bango ya fara. Shekara uku da 'yan watanni ke nan, maigidana ya ɗauke ni muka tafi Shiling, garin da ake ƙera jakunkunan mata. Shi ajan ne, 'yan kasuwar Kano ke turo masa saƙo ya saya musu kaya, jakunkuna a Shiling, tufafi a kasuwar Canaan, ya haɗa a kwantena ya tura gida. Ni kuma aikina in ɗauki hoton samfur in ɗora a sitatus, matan da ke sari su zaɓa. Ran nan yana ƙasa suna ciniki da lawban, wato mai kamfanin, sai matar lawban ɗin ta ja hannuna muka hau bene, wai a can hasken hoto ya fi kyau. Tana tura ƙofa na tsaya cak. Bango guda daga sama har ƙasa teku ne, shuɗi mai duhu, ga gidaje farare ƙal sun hau kan dutse kamar an jera ƙwayoyin sukari, ga wata ƙubba shuɗiya a tsakiyarsu. A gaban bangon sun gina matattakala ta gaske sun shafe ta da farin fenti, sun rataya furen roba ja, ga ɗan teburi da kujeru biyu, ga fitila mai haske kamar hantsi, har da fanka wadda za ta riƙa kaɗa mayafin mai tallan jaka. Na tambaye ta ina ne nan, ta rubuta min a waya: Santorini, tsibiri ne a ƙasar Girka, cikin Bahar Rum. Na ce kin taɓa zuwa? Ta yi dariya ta ce meyo, wato a'a, ita ma a kasuwa ta sayi takardar bangon.

Sai na gaya muku ko ni wace ce kafin ku fahimci abin da wannan bango ya yi min. Tun ina aji ɗaya a sakandare nake karɓar hayar littattafan soyayya, in cusa a cikin littafin lissafi ina karantawa malami na gaban allo. A cikinsu na girma. A can kowane miji yana da ranar da zai ce wa matarsa haɗa kayanki, kada ki tambaye ni ina za mu. Da aka ce mijina a China yake zaune kuma da ni zai tafi, na ɗauka littafina ne ya buɗe. Abban Nana kuwa, wallahi ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa ɗaga min murya ba, iyayena yana girmama su. Amma ba ya magana irin wadda kunnena ke jira. Zan yini ina kwalliya, ya shigo yana warin gam ɗin fata, ya dube ni ya ce "Unguwa za ki?" Ɗakinmu a unguwar Dengfeng yake, saman wani shagon waya, in na buɗe taga shanyar maƙwabta nake gani tana ɗiga.

A daidai lokacin ƙanwata Hindatu na da wata biyu da aure. Mijinta, Malam Nura, malamin firamare ne, gidan haya suke, babur ɗinsa ma sai an tura. Amma kullum sai ta turo min saƙon murya tana dariya har da tuntsurawa. Yau ya rubuta mata takarda ya saka a ƙarƙashin murfin kula, jiya ya tsaya ya sayo mata gurasa da zafinta ya sa a cikin rigarsa don kada ta huce, shekaranjiya ya goya ta a babur sun zaga gari ba inda za su je, zagawar ce kawai. Ina saurare ina ce mata masha Allah, zuciyata kuwa tana ƙuna. Ni ce ta ƙasar waje, ni ake nunawa a dangi, amma littafin da na karanta a ɗakin ƙanwata ake yin sa.

To ranar a benen nan na miƙa wa matar lawban wayata. Ta ba ni malafa da tabarau irin na masu talla, na sauya mayafi sau uku, na zauna a matattakala, na jingina da bango, na ɗora kofi biyu a teburi. Ita duk wasa ta ɗauke shi, tana ta gyara min fanka. Ni ma a lokacin wasa na ɗauka. Bayan sati guda Abban Nana ya tafi garin Yiwu haɗo kaya, tafiyar kwana biyar. Na rage ni kaɗai, ana ta ruwan sama. Sai na shiga wayata na toshe shi daga ganin sitatus ɗina, shi da duk danginsa da abokan kasuwancinsa maza, na ɗora hoto ɗaya, na rubuta Alhamdulillah kawai.

Ko minti biyar ba a yi ba Hindatu ta rubuto, "Yaya! Ina ne nan? Ko aljanna kika shiga ba ki gaya mana ba?" Layi ɗaya zan rubuta komai ya wuce, in ce wajen ɗaukar hoton jaka ne. Yatsana ya rubuta Santorini. Ta ce wa ya kai ki? Na ce wa kuwa zai kai ni in ba shi ba. Ta ce to ina yake ban gan shi a hoton ba, na ce ke ma kin san ba ya son hoto, shi ne mai ɗauka. Wannan rabin gaskiya ne, duk dangi sun san ba ya tsayawa a ɗauke shi.

Daga nan na yi hutu na kwana biyar. Da safe in duba a waya in ga yadda wurin yake, da yamma in aika musu saƙon murya a guruf ɗin gidanmu. Ranar farko a jirgin ruwa muka isa, na tsorata da igiyar ruwa ya riƙe hannuna har muka sauka. Ɗakinmu a cikin dutse aka fafe shi, sanyi ƙalau ba fanka. Karin kumallo a saman soro ake kawo mana, burodi mai ɗumi da zuma da zaitun da cuku, muna ci muna kallon jiragen ruwa ƙanana kamar ƙwarya. Bayan azahar mu bar taga a buɗe mu yi barci iskar teku na shigowa, babu ƙararrawar da za ta tashe mu. Na ba su labarin jakuna masu hawa da mutane matattakala, Umma ta yi dariya har da tari, ta ce ashe Turawa ma jaki suke hawa, to me suka fi mu? Na ba su labarin bakin ruwa mai baƙin yashi, da yadda mutane ke taruwa a kan katanga su jira faɗuwar rana, in ta nutse a teku su tafa mata. Na ce Abban Nana ya kashe wayarsa tun a filin jirgi, ya ce kwana biyar ɗin nan ba kwantena, ba kwastoma, nawa ne ni kaɗai. A cikin duk ƙaryar wannan ta fi min daɗi, sai da na maimaita ta sau biyu.

Abin da zai ba ku mamaki, na huta. Ina ƙudundune a kan katifa da taliyar leda a kwano, amma in na gama saƙon sai in ji jikina ya saki kamar da gaske na yini a bakin ruwa. Ban taɓa jin ina son mijina irin na kwanakin nan ba, alhali mutumin da nake so ɗin ni na ƙirƙire shi.

Ranar huɗu Umma ta ga ƙubbar nan ta ce, "Masha Allah, har masallaci gare su?" Na ce e Umma, a nan muka yi azahar. Sai daga baya na karanta na gane coci ne. Har yau in na tuna wannan a kan sallaya sai in yi ta istigfari.

Kun san Bahaushe, wanda ya yi tafiya sai ya kawo tsaraba. Hindatu ta fara tambaya tun ban "dawo" ba. Na shiga kasuwa a gefen Canaan na yi ta yawo har na sami mai sayar da sarƙoƙin ƙwanso da ƙananan farantai masu hoton fararen gidajen nan sak. Matar shagon ta ce ai su ke yi a kai can a sayar wa masu yawon buɗe ido. Na ɓare takardun jiki, na ba wata hajiya mai komawa gida ta kai. Umma ta kafa farantinta a bangon uwar ɗaki. Bayan wata tara da 'yan kwanaki na haifi Nana, gidanmu suka sa mata 'yar tsibiri. Da Abbanta ya tambayi dalili na ce ai Umma gani take duk ƙasar da aka tsallaka ruwa tsibiri ce. Ya yi murmushi ya bar zancen.

Za ku ce ya aka yi bai sani ba shekara uku? Kunyar surukuta ce ta rufa min asiri. Da muka je gida babbar sallar bara, a tsakar gida ya durƙusa kansa a ƙasa, Umma na bayan labule tana cewa Allah ya yi maka albarka, yadda kake kula da yarinyar nan har da yawon duniya, shi a zatonsa Chinar ake nufi, ya ce amin amin ya tashi. Hindatu ta tare shi a soro da wasan ƙanwar mata, "Alhajin tsibiri, komawa ta gaba da ni za a yi ko ba ka wuce nan ba." Ya ce to ki shirya jakarki, ni jaka ce sana'ata. Suka yi dariya.

Yanzu ga inda wutar take. Tun bayan hotunan nan saƙonnin Hindatu suka sauya. Ta daina ba ni labarin takarda a murfin kula. Da na tambaya ta ce takarda ake ci? Gurasar da take yi wa dariya ta koma abin gori, zagayen babur ta ce ita ta gaji da shan ƙura a bayan mutum kamar buhun masara. Umma ke ba ni labarin rigimarsu, wai ba rashin abinci ba ne, ba duka ba ne, cewa take yi shi bai san darajar mace ba, ya je ya ga yadda mijin yayarta ke yi. Ta yi yaji sau biyu, Baffanmu ya mayar da ita. Wani lokacin Umma da kanta, cikin son a sasanta, sai ta ce wa Malam Nura ya ɗan riƙa kwaikwayon na gaba da shi, ko dam ɗin Tiga ne ya kai ta ta ga ruwa. Ya kai ta Tigar, ta dawo ta ce ya kai ta kallon kududdufi. Ina jin duk wannan ina cewa Allah ya kyauta, ina gaya wa kaina ai kowane aure da irin nasa, ba hotona ba ne. Wata biyu da suka wuce ta sake dawowa gida da ɗansu a baya, wannan karon ta ce takardarta take so.

Ranar Asabar Malam Nura ya kira ni. Bai taɓa kirana kai tsaye ba sai dai gaisuwar salla. Muryarsa a sanyaye, ya ce Yaya ki yi haƙuri na shigo miki da maganar da ba ta kamata ba. Ya ce ya yi tunani ya gane laifinsa ne, Hindatu ba ta roƙe shi gida ko mota ba, abu ɗaya ta taɓa so a ranta. Yana da fili da mahaifinsa ya bar masa a bayan gari, wanda yake tara bulo kaɗan-kaɗan don su fita daga haya, ya sa dillali ya samo mai saye, ranar Juma'a bayan an sauko za a yi ciniki a sa hannu. Ya yi fasfo, ya yi wa Hindatu magana ta bakin Umma, ta ce in da gaske yake za ta koma ɗakinta. Abin da yake nema a wajena in yi masa iso wajen Alhaji, ya gaya masa sunan otal ɗin da muka sauka da hanyar da ya bi ya samo mana biza, don ba ya so ya kai ta wani wurin daban ta ce bai kai namu ba. Ya ce, "Ko ɗakin da ke bayan naku ne, Yaya, ba sai mai kallon teku ba."

Na ce masa to. Wallahi abin da bakina ya iya ke nan, to.

Na gwada ta wajen Hindatu. Na kira ta na ce wurin nan fa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, ga tsada, ga hawan dutse, gara su gina filinsu. Ta ce ai dama ta san za a yi haka, na je na sha daɗina ni kaɗai yanzu nata ya zo ina mata baƙin ciki, ta ce ta haddace saƙonnina na kwana biyar ɗin nan tana iya karanto min su, a cikinsu ba inda na ce da tsada. Ta kashe wayar. Kuma ni na bincika, na san malamin firamare mai sabon fasfo ba ko tambari ɗaya, da wuya a ba shi bizar Turai. 'Yan cuku-cuku za su yi ta masa gobe jibi har filin ya narke a hannunsu, ya tashi ba fili, ba tafiya, ba mata.

Na gwada ta wajen Abban Nana. Jiya na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka irin wadda yake so, na zauna zan fara. Kafin in buɗe baki sai ya ce af, Malam Nura ya turo masa saƙo wai yana son su yi magana a kan wata tafiya. Fuskarsa har haske take, ya ɗauka yaron kasuwanci yake so ya fara, ya ce zai kira shi ranar Alhamis in ya gama lodi, zai ma sama masa ɗaki kusa da mu. Daga nan ya shiga ba ni labarin wani abokin aikinsa da ya rabu da shi satin nan, saboda ya ɗauki hoton jaka mai kyau ya tura Kano, ya loda wata daban. Ya ce, "Maman Nana, mu nan ba mu da shago, ba mu da komai sai hoto. Mutum yana kasuwar Kwari a Kano bai ga kaya ba, bai taɓa ba, hoton da na tura masa kawai ya yarda da shi. Ranar da hotona ya yi ƙarya na gama." Na haɗiye maganata da tuwon. Don matan da suka ga hotunan tsibirin nan ba 'yan gidanmu kaɗai ba ne, har da masu sarin jakarsa, wasu har addu'a suka yi mana. Kuma a benen lawban ɗinsa aka ɗauka, da wayar da nake ɗaukar masa samfur. In maganar ta fita, ba ni kaɗai za a kira maƙaryaciya ba, cewa za a yi gidan masu haɗa hoto ne.

Yau Talata. Ba na iya cin abinci, Nana na min magana ina kallon bakinta ban san me take cewa ba. Na san dole gaskiya ta fito kafin Alhamis, abin da ban sani ba ta ina zan fara. In na fara da mijina, ina tsoron irin shirun da zai yi, shi ba mai faɗa ba ne, in ya cire mutum daga ransa cirewa yake yi gaba ɗaya. In na fara da Malam Nura a ɓoye in roƙe shi ya rufa min asiri, filinsa ya tsira amma me zai gaya wa Hindatu, ta ce ya yaudare ta ta ƙi komawa? In na fara da Hindatu, ta yaya zan dubi ƙanwata in ce mata mijin da take auna nata da shi shekara uku babu shi a duniya, kuma hassadar gurasarta ce ta sa na ƙirƙiro shi? Za ta koma ɗakinta ta ga mijinta da sabon ido, ko kuwa ni zan rasa ta har abada shi ma ta ƙi shi don kunya? Umma kuma hawan jini gare ta. Wata zuciyar na ce min in ƙara ƙarya ɗaya tak, in ce otal ɗin ya rufe, an daina ba 'yan Najeriya biza, a ɗaga tafiyar. Na san muryar nan, ita ce ta rubuta Santorini ran farko, amma har yanzu daɗin saurare gare ta.

Don girman Allah waɗanda suka girme ni a aure, da malamai mata da ke cikin zauren nan, ku gaya min wa zan fara tunkara, kuma da wane baki. Da waya zan yi ko in rubuta? In sa Baffa a ciki ko in bar shi tsakaninmu? Akwai hanyar da auren ƙanwata da filin bawan Allahn nan za su tsira ba tare da na rushe nawa ba, ko kuwa in haƙura in ɗauki abin da ya zo?

Ina cikin rubuta muku wannan sai ga saƙon Malam Nura ya shigo wayata. Hoton fasfonsa ne, ya sa farar shaddarsa ta ɗaurin aure, ya yi aski. A ƙasa ya rubuta, "Yaya, da yarensu yaya ake cewa na gode? Ina so in fara koya tun yanzu kada in ba ta kunya a gaban mutane." Ya ga alamar na karanta. Me zan rubuta masa?